Haka munka iske ana yi: maganganun da ke binne ƙarƙashin halayenmu na kullum

Duk wanda ya zauna Kebbi ya san yadda lokacin yankan shinkafa yake. Daga fadamar Argungu har Suru da Bunza, mutum zai sha wahalar watanni, ya sayi fetur na injin ban ruwa da tsada, ya sayi taki, ya yi gadin tsuntsu, Allah ya ba shi buhu talatin ko hamsin, amma kafin wata biyu kuɗin sun watse, kuma in ka zaunar da shi ya lissafa ba zai iya nuna maka inda rabinsu suka shiga ba. Ka tambaye shi, zai ce bukatu ne sunka yi yawa. Gaskiya ya faɗa, bukatun na nan. Sai dai abun lura, ko shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba haka yake yi, alhali maƙwabcinsa mai irin gonarsa da irin iyalinsa yana iya barin buhu goma a ɗaki har farashi ya ɗaga. Abun da ke maimaituwa iri ɗaya ko an samu da yawa ko kaɗan, akwai wani abu bayan bukata da ke tuƙa shi. Akwai wata magana a zuciyar bawan Allan nan da bai taɓa furtawa ba, wataƙila ma bai san tana nan ba: abun da ka ajiye ba naka ba ne, wani zai zo ya karɓe, gara ka ci tun yana hannunka.

Kowanenmu na da irin waɗannan maganganun a binne, kuma su ke juya mu a abubuwan da muke ɗauka ƙanana, yadda muke kashe kuɗi, yadda muke amsa wa mai neman bashi, yadda muke yi wa yaro magana in ya yi ɓarna, da lokacin da muke yarda a kai mu asibiti. In an taɓo mu a kai sai mu ce "haka nike" ko "haka munka iske ana yi", shikenan an rufe babin. Ni a ganina amsoshin nan biyu sun cuce mu ƙwarai, don da zarar ka faɗe su ka hana kanka tambaya ta gaba.

Yawancin yininmu ba da tunani muke tafiyar da shi ba, wannan an auna shi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Wendy Wood, ita da abokan aikinta sun sa mutane rubuta abun da suke yi da abun da suke tunani duk bayan awa ɗaya, sakamakon da suka fitar a 2002 ya nuna kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan an yi su ne bisa sabo, a wuri ɗaya kamar kullum, hankali kuma yana can wani wajen. Wannan rahama ce daga Allah, don da sai ka yi shawara kafin kowane taku da kowace loma da ba ka kai azahar da ƙarfinka ba. Amma tana da nata tsadar. Ranar da ka fara wani hali kana da dalili, bayan shekaru dalilin ya nutse ƙasa, aikin ya ci gaba shi kaɗai, har ta kai ko yanayin da ya haifi dalilin ya gushe kai kana nan kana yi.

Wanda ya fi kowa fito da wannan fili a fannin likitanci shi ne Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Pennsylvania, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100. A shekarun 1960 yana duba masu ciwon damuwa sai ya lura akwai wasu gajerun tunani da ke giftawa cikin ransu da sauri, kafin ɓacin rai ya sauko, kuma ba sa ba da labarinsu sai an ce su tsaya su kama su. Wani ya wuce bai gaishe ka ba, cikin ƙiftawar ido zuciya ta ce "ya raina ni", sai fushi ya biyo, kai kuma fushin kawai ka gani. Beck ya ce waɗannan gajerun tunanin ma rassa ne, a ƙasansu akwai dokokin da mutum ya kafa wa kansa, irin "in ban ba kowa abun da ya roƙa ba mutuncina ya zube", can ƙasa kuma akwai tushen, abun da ya yarda da shi game da kansa da mutane da duniya, irin "ni ba kowa ba ne sai da abun hannuna". Mutum na iya shekara hamsin yana rayuwa a kan jumla ɗaya irin wagga bai taɓa jin ta da kunnensa ba.

To sai wani ya ce ai da sauƙi, in zauna in tambayi kaina me ya sa nake yin kaza. Nan ne matsalar take, kuma nan ne mafi yawan masu cewa sun san kansu suke yaudaruwa. A 1977 wasu masana biyu, Richard Nisbett da Timothy Wilson, sun ba da rahoton wani gwaji mai sauƙi. Sun jera safar mata guda huɗu a kan tebur, dukansu iri ɗaya sak, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Mutane suka fi ɗaukar ta ƙarshe a hannun dama, wajen ninki huɗu a kan ta hagu. Da aka tambaye su dalili kowa ya kawo nasa, wannan ya ce ta fi laushi, wancan ya ce saƙarta ta fi kyau, ba wanda ya ambaci inda aka ajiye ta, da aka tambaye su ko wurin ya yi tasiri ma kusan dukansu musantawa suka yi. Ba ƙarya suka shirya ba, sun yarda da abun da suka faɗa. Haka zuciya take, tana yin aiki tukuna sannan ta ƙera masa dalili mai kyan ji, wanda ba zai kunyata mai ita ba. Alƙur'ani ya riga ya gaya mana a Suratul Ƙiyama cewa mutum mai shaida ne a kan kansa ko da ya jero uzurorinsa. Shaidar na nan a ciki, uzurorin ne ke rigan ta fitowa.

Shi ya sa sanin kai na gaske ba a samun sa da dogon nazari bayan komai ya wuce. A daidai lokacin da abun ke faruwa ake kama shi, kuma yawanci jiki ne ke fara ba da labari. Ɗauki misalin ma'aikaci a Birnin Kebbi, albashi ya shiga, alat ya yi ƙara, kafin la'asar ɗan'uwa ya kira, "Yaya, don Allah a taimaka min da dubu ashirin, wata na ƙarewa zan maido." Ya san ba za a maido ba, ya san kuɗin makarantar yara na jiransa, amma kafin ya gama tunani bakinsa ya ce "ba damuwa, turo akawun". In ka tambaye shi gobe zai ce zumunci ne, kuma zumunci ibada ce, ba mai musu. Amma da zai tsaya a wancan sakan ɗin ya lura, zai ji ƙirjinsa ya ɗaure, gabansa ya faɗi, kuma wanda ke bayarwa don Allah da daɗin rai ba haka yake ji ba. Wannan tsoro ne. Tsoron me? Nan ake bin sa da tambaya ɗaya ana maimaitawa. In na ce babu, sai me? Zai ji haushi. In ya ji haushi, sai me? Zai gaya wa Inna da sauran dangi. In ya gaya musu, sai me? Za a ce na samu wuri na manta da gida. In an ce haka fa? Sai a daina ganina da daraja. Ka ga inda aka iso: darajata a gidanmu tana rataye da abun da nake bayarwa, ranar da na kasa na zama ba kowa ba. Wannan jumlar ce ke tura kuɗin duk wata, zumuncin riga ce aka sa mata. Kuma tana da illa ko ta fuskar addini, don ayyuka da niyya suke, mutum yana ta kyauta cikin tsoro da ƙunci yana zaton ladan sadaka yake tarawa.

Malamanmu sun daɗe da wannan ilimi, mu ne muka rage shi ya koma wa'azi kawai. Maganar da ake danganta wa Sayyadina Umar, ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, kusan kowa ya haddace ta. A Bagadaza an yi malami, Harisu al-Muhasibi, da ya rasu a 857 miladiyya, wanda laƙabinsa ma daga yawan yi wa kai hisabi ya samo shi. Imamu Gazali, da ya rasu a 1111, ya tsara abun a littafinsa Ihya'u kamar yadda ɗan kasuwa ke yi da abokin cinikinsa, da safe a kafa sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna lissafi. Abun da ya fi jan hankalina shi ne matakin tsakiya, muraƙaba, wato sa ido a kan kai, don ya ce tun kafin ka motsa ka tsaya ka duba mene ne ya zaburo ka, don Allah ne ko don son rai. Mu kuwa in ma mun yi hisabin, na dare kawai muke yi, mu ƙirga laifuka mu yi istigfari mu kwanta, gobe mu maimaita, don ba mu taɓa tono abun da ke haifo su ba. Duk wanda ya taɓa zama shago a kasuwar Jega ya san in ba ka sa ido da rana ba lissafin dare ba zai gaya maka ta inda kaya suka zurare ba.

Inda abun ya fi nauyi a wajena shi ne harkar lafiyar mata da jarirai, don a nan jumlar da ba a furta ba tana iya cin rai. Ma'aikatan lafiya sun shekara da shekaru suna cewa kar a ba jariri ruwa sai ya cika wata shida, nono kaɗai ya ishe shi, sama da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, ruwan da ake ɗura masa kuma yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, in ba mai tsabta ba ne ya jawo gudawa. Mata sun ji, sun haddace, in an tambaye su a awo za su maimaita maka tsaf. Amma a koma gida a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kaka ta dubi jinjiri ta ce "ku ba yaron ga ruwa, ku ji tsoron Allah", sai a ba shi. Mai kallo daga waje zai ce jahilci ne ko taurin kai, ni kuma ban yarda ba. Abun da ke ƙasa tausayi ne, an yarda cewa hana mai rai ruwa zalunci ne, kuma duk mai ƙishi ruwa ne maganinsa. Ga uwar kuma akwai ta biyu, in na musa wa uwar mijina na zama marar kunya. Muddin ba a fito da waɗannan biyun an dube su ba, ko fosta dubu aka liƙa a asibiti ba abun da zai canza. Amma in uwa ta gane cewa tausayin ne ke tura ta, sai ta ga ba a ce ta bar tausayi ba, an ce ne nonon shi ne ruwan, in zafi ya yi ta ƙara ba shi, ita kuma ta sha ruwa sosai. Sannan za ta iya cewa "Inna, ai shi nike ba shi, cikin nonon yake" ba tare da ta ji ta yi rashin ladabi ba.

Haka batun haihuwa a gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Kebbi ce ta zo ƙarshe a Najeriya wajen haihuwa a hannun ƙwararrun ma'aikatan lafiya, kusan 3 cikin 100 kacal. Akwai abun da aka yarda da shi a ƙarƙashi, cewa jarumar mace ita kaɗai take haihuwa a ɗakinta ba a ji muryarta ba, asibiti sai abu ya ɓaci, ga kunyar ɗan fari da ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda har sai ta galabaita. Namiji ma na da tasa, zazzaɓi na cin sa kwana biyar yana sayen magani a kemis yana cewa "ɗan jiki ne kawai", don a ransa namiji ba ya raki.

Sai dai a nan dole in taka burki, don akwai masu ɗaukar irin wannan bayani su mayar da duk matsalar talaka ta zama ta tunaninsa, kuma wannan zalunci ne. Matar da ke ƙauyen da babu asibiti kusa, hanya ta yanke da damina, ko an je ba a iske ma'aikaci da dare ba, ko babu kuɗin mota, ba tunaninta ne ya hana ta ba. Manomin da ke yankin da 'yan bindiga ke shiga su kwashe hatsi da dabbobi, in ya ce abun da ka ajiye ba naka ba ne, gaskiyar wurinsa ya faɗa, sayarwa da wuri ma hankali ne. Shi ya sa in ka tono jumlar ba a nan aiki ya ƙare ba, sai ka auna ta. Wata gaskiya ce har gobe, ka riƙe ta da saninka. Wata ta taɓa zama gaskiya, a gidan da ka tashi ko a shekarar yunwa da iyayenka suka gani, amma yau ba ta dace da halin da kake ciki ba. Wata kuwa tun asali ba ta da tushe, an dai faɗa maka kana ƙarami ka haɗiye. Kuma akwai halayen da babu wata babbar magana a ƙasansu, wanda ke lalubo waya da ya farka wani lokacin don tana gefen filo ne kawai, ya kai ta caji nesa da gado an wuce wurin.

Yawancin jumlolin nan masu nauyi tun yarinta ake shuka su. Yaron da duk ya yi tambaya aka ce ya cika surutu, ko ya ba da amsa ba daidai ba aka yi masa dariya a aji, shi ne zai girma ya zauna a lakca a jami'ar Aliero bai gane ba kuma ba zai ɗaga hannu ba, a taron unguwa ma ya yi shiru yana da magana mai amfani. Uban da bai taɓa ce wa ɗansa "ka kyauta" ba yana son ɗan har ransa, an dai koya masa cewa yabo na lalata yaro, shi ma ba a taɓa yaba masa ba. Muna cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki ta fuskar wuyar canzawa, amma da hali ba ya gyaruwa sam da ba a aiko manzanni da gyaran ɗabi'u ba.

Gane jumlar kaɗai ba ya kashe ta, wannan ma a sani. Zuciya ba ta saki da hujja, sai ta ga abu da idonta. Almajiran Beck suna sa mutum ya yi ɗan gwaji ƙarami, ya rubuta abun da yake tsoron zai faru, ya aikata, sannan ya kwatanta. Ma'aikacin nan ya ce wa ƙanensa "wannan watan dubu biyar zan iya, kuma kyauta ce ba bashi ba", ya zuba ido ya gani ko da gaske gida zai juya masa baya. Wataƙila a yi gunaguni na kwana biyu, wataƙila ma a yi fushi na gaske, amma yawanci abun da ke faruwa bai kai wanda zuciya ta zana ba, kuma kowane gwaji na rage wa tsohuwar maganar ƙarfi. Abun na son lokaci. A wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, da aka fitar a 2009, an bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabon hali, matsakaicin lokacin da abun ya zama jiki ya kai kwana 66, wasu 18, wasu aka ƙiyasta sai sun kai 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda ya gwada sati ɗaya ya koma gidan jiya ya ce "ka gani, haka nike" bai ba abun haƙƙinsa ba.

Wani abun kuma ba za ka taɓa ganin sa kai kaɗai ba komai ƙoƙarinka, laifi tudu ne. Hadisi ya ce mumini madubin ɗan'uwansa ne, kuma sau da yawa matarka ko abokinka na kusa sun daɗe da sanin jumlar da kai kake nema, tsoron fushinka ne ya hana su faɗa. Ka zaɓi mutum ɗaya mai sonka kuma mai gaskiya, ka tambaye shi abu takamaimai, kamar me kake gani ina yi duk lokacin da aka yi min gyara, sannan ka yi shiru ka saurara har ya gama ba tare da ka kare kanka ba. Yadda ka karɓi amsar farko shi zai nuna masa ko zai sake gaya maka gaskiya.

A kula kuma kar hisabi ya rikiɗe ya zama waswasi. Ana gane bambancin daga abun da ya biyo baya, mai hisabi yana tashi da abu ɗaya da zai gwada gobe, mai waswasi yana kwana yana juya magana ɗaya yana tsine wa kansa, ya wayi gari ya fi jiya nauyi. In mutum ya tono ya iske jumlar da ke ƙasa irin "ba ni da amfani" ce ko "gara ba ni", ga rashin barci da rashin cin abinci da janyewa daga mutane sun wuce sati biyu, wannan ya wuce abun da zai yi shi kaɗai a ɗaki, ya gaya wa wani na kusa kuma a ga likita. Manyan asibitocin Birnin Kebbi na iya duba shi ko su tura shi gaba, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, inda ake duba masu ciwon damuwa su karɓi magani su koma gida.